Tsatsa da Ƙura a Kan Jirgin da Bai Wuce Tafin Hannu Ba

Duk wanda ya tashi a Daura ko ƙauyukanta, daga Sandamu har Zango, ya san lokacin da ake gama girbi a jibge karan dawa a bayan gida, yara su far masa da reza. A feƙe ɓawon siri-siri, a yayyanka totuwa, a soke wannan cikin wancan, kafin la'asar mota ta tashi. Wanda ya ɗan tasa sai ya koma gwangwanin madara da langa-langa, ya yanko taya daga tsohon silifa, ya lanƙwasa waya ta zama dogon sitiyarin da zai riƙa tuƙi da shi yana tsaye. A cikinmu akwai waɗanda ba sa yarda su fito da motarsu tana sheƙi. Sai sun goga mata toka a gindi, sun ɗiga baƙin mai a wajen inji, sun ɗaure mata kaya ta karkace gefe guda, kamar manyan motocin da suke gani suna dawowa daga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. A wurinsu motar da ba ta sha hanya ba ba ta cika mota ba.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin abin da ya tafi tare da ƙuruciya. Ashe a Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai magidanta, wasu har da jikoki, da ke sayen ƙaramin jirgin ƙasa da tsadar gaske, su zaro shi daga kwali yana walƙiya, sannan su kwashe darare suna sa masa tsatsa da ƙura da hayaƙi har sai ya yi kama da wanda ya shekara talatin yana jan kaya. Suna da mujallu da ƙungiyoyi da gasanni a kan haka. Abin da yaron Daura ya gano da tokar murhu, su sun mayar da shi fanni mai ƙa'idoji. Yanzu da layin dogo ke tunkarar garinmu, karo na farko tun da aka kafa shi, ina ganin ya kamata mu san yadda suke yi, mu kuma san inda namu zai sha bamban da nasu.

A baje kolin birnin Leipzig na 1891 ne kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu layin da aka daidaita faɗinsa, yadda taragon da ka saya bana zai hau layin da za ka saya baɗi. Frank Hornby na Liverpool ya biyo da nasa a 1920. Na farkon duk kayan wasan yara ne na gwangwani, ana ɗaure su da makulli kamar agogon bango. Da tafiya ta yi tafiya sai manya suka karɓe, aka shiga auna komai. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87. Kan jirgi mai tsawon mita 17 ya dawo kusan santimita 20, mutum a tsaye ya dawo santimita 2, tazarar ƙarafan layi kuma milimita 16.5. Turawan Ingila sun fi son nasu na ɗaya cikin 76, masu ƙaramin ɗaki kuwa sukan koma ɗaya cikin 160. A birnin Hamburg akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, wanda ƙananan layukan da ke cikinsa sun haura kilomita 15 idan aka miƙe su.

In ana maganar tsufar da jirgi kuwa, sunan da ake fara kira shi ne John Allen, wani mai ɗaukar hoto da ya zauna a Monterey ta jihar California. A shekarun 1940, lokacin da kowa ke alfahari da tsabtar kayansa, shi sai ya riƙa gina gidaje masu ruɓaɓɓen katako da taragai masu koɗaɗɗen fenti. A 1948 ya ci gasa da wani ɗan garejin kawunan jirgi da ya ɗora wa tattabaru a kan rufi, har da kashinsu. Sana'arsa ce ta koya masa haka, domin ya ga cewa a hoto abu mai sheƙi nan take yake tona kansa. Ya mutu a watan Janairu na 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye layin da ya shafe kusan shekara ashirin yana ginawa. Hotunan da ya ɗauka sun tsira, kuma har yau daga gare su ake koyo.

Dalilin da ya sa sabon ƙaramin jirgi ke kama da abin wasa yana cikin lissafin nan na 87. In ka tsaya mita ɗaya daga gare shi, daidai yake da ka hango na gaske daga nisan mita 87. Tsakaninka da abin da ke wannan nisan akwai iska, kuma iska tana dusashe launi: baƙi ya koma ruwan toka, ja ya yi sanyi, ƙyalli ya ɓace. Mutumin arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya tsaya a bakin titin Kano a watan Janairu ya ga yadda hazo ke shanye launin motar da ba ta fi jifa biyu da shi ba.

Kowane datti da dalilinsa

Ƙa'idar farko a wurin masu wannan aiki ita ce kada ka yi da ka. Nemo hoton jirgin gaske, irin wanda kake kwaikwaya, a irin ƙasar da yake bi, ka ajiye a gabanka. Wanda ya yi da ka zai watsa tsatsa ko'ina kamar mai yayyafin gishiri a miya, alhali a jikin jirgi babu tabon da ya zo haka kawai.

Ɗauki kan jirgi mai amfani da man dizal. A saman rufi, kewayen bututun hayaƙi, baƙi ne ƙirin marar ƙyalli, yana raguwa yayin da kake nisa da bututun, kuma ya bazu gaba da baya domin kan jirgi yana tafiya ta kowace fuska. A bakin tankin mai akwai zirin duhu mai ɗan maiƙo da ya gangaro, inda mai ke zuba in ana ɗura, ƙura kuma ta manne masa ta yi kauri. Ƙafafu da sifirin da duk abin da ke ƙarƙashi launin ƙasa-ƙasa ne mai ja, rabinsa turɓayar hanya, rabinsa garin ƙarfen da birki ke ci. Amma fuskar ƙafar da ke taka dogo fes take kamar azurfa, haka ma saman dogon in ana binsa. Matakala da ƙarfen riƙewa sun goge har farin ƙarfe ya fito, domin nan takalmi da tafin hannu ke sauka kullum. Tsatsa tana farawa inda ruwa ke kwana: gindin ƙusa, bakin walda, lungun da fenti ya fashe, sannan ruwan sama ya ja ta ƙasa a miƙe. Abin da ya zo da ruwa daga sama yake gangarowa, abin da ya zo da hanya daga ƙasa yake haurawa, kuma inda suka haɗu a tsakiyar tarago nan ne ainihin launin fenti ya fi daɗewa.

Aikin kansa hawa-hawa ne. Ana fara wanke jirgin da ruwan sabulu a cire maiƙon hannu, a rufe gilasai da fuskar ƙafafu, sai a fesa masa ruwan rufi irin wanda ba ya ƙyalli, domin roba mai santsi ba ta riƙe komai. Daga nan a tsinka fenti mai duhu har ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga da burushi a bar shi ya bi tsagogi da kansa, in ya fara shan iska a share na fili da auduga a tsinke, ana ja daga sama zuwa ƙasa. Wannan shi ke fito da ƙofofi da kawunan ƙusoshi. Akwai kishiyarsa: a tsoma burushi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sai a shafa a hankali, ya taɓa gefuna da tudu kawai. Ƙura da hayaƙi kuma da garin alli mai launi ake yi, a kankare shi a samfefa a ɗiba da burushi mai laushi. Masu hali suna da 'yar bindigar feshi irin ta masu fentin mota amma kamar alƙalami, wadda ke sauke fenti kamar raɓa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gishiri. A fara yi wa tarago fenti launin tsatsa, in ya bushe a jiƙa wuraren da ake so da ruwa kaɗan, a barbaɗa gishiri ya manne. Sai a fesa ainihin launin taragon a kai. Bayan ya bushe a kakkaɓe gishirin, sai ga ramuka marasa tsari da tsatsa ke leƙowa ta ciki, daidai yadda fenti ke ɓarewa a ƙarfen gaske.

Na gwada hannuna a kan wani tarago da na haɗa da gwangwani da kwali, ina kallon hoton da na ɗauka a tashar Kano. Na farko ya lalace, kuma na san abin da ya lalata shi: gaggawa. Na zuba duhu da yawa a tashi ɗaya, ya fito kamar wanda aka ciro daga gobara. Ƙwararrun sun daɗe suna gargaɗi a kan haka, cewa ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce wuya, don haka a sa kaɗan, a tashi a bar shi ya kwana, a dawo da sabon ido. Akwai kuma gargaɗin da ya shafi kayanmu na nan: tinar masu fentin mota tana narkar da robar da ake yin waɗannan jirage, kada a kusantar da ita.

Ba sai an yi odar komai daga waje ba. Garin gawayi da kunkunniyar madafa sun isa hayaƙi. Toka da farar ƙasa suna ba da koɗewa. Tsatsa ta gaske ana samunta in aka jiƙa soson ƙarfe a ruwan gishiri aka bar shi kwanaki, a shanya, a niƙa. Abin manne su kuwa ƙaro ne, wanda dama shi ake sa wa tawadar allo, kuma shi ne abin da ke riƙe fentin ruwa da masu zane ke saye da tsada a Turai. Amfaninsa shi ne in ka yi kuskure ruwa zai wanke. Abin lura ɗaya ne, wato girman ƙwaya. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, in ka ɗora ta a jirgin HO, ta zama dutse mai kusan santimita 9, kamar dunƙulen hannu. Rariyar gari ba ta isa ba, sai an tace ta ƙyalle mai laushi.

Wani zai ce ai wannan algus ne, a mayar da sabo tsoho. Tambayar tana da tushe, domin an san irinta a kasuwa. Wani masani mai suna Christopher Steiner ya rubuta littafi a 1994 kan cinikin kayan sassaƙa a Abidjan, inda Hausawa ke cikin manyan dillalai, ya kuma bayyana yadda ake tsufar da sabon sassaƙe don mai saye ya ɗauka ya daɗe. Can ana so a ɓoye gaskiyar abu ne don a ƙara kuɗi. Mai ƙaramin jirgi babu wanda yake ruɗa, kowa na ganin abin bai wuce tafin hannu ba. Abin da yake nema shi ne ya faɗi gaskiya game da babban, kuma babban ba ya yawo da tsabtar kwali.

Ƙurarmu ba irin tasu ba ce

Kamfanoni irin su Hornby da Bachmann yanzu suna sayar da jirage da aka riga aka tsufar tun daga masana'anta. Sai dai dattin da ke jikinsu na Ingila ne, ƙasar yayyafi da laima, inda komai ke komawa baƙi-baƙi mai danshi. Wanda ya kwafi wannan ya ɗora a jirgin da zai ce na Kano ne ya yi kuskure tun daga tushe.

A nan rana ce babbar mai tsufarwa. Ruwa watanni huɗu ne ko ƙasa da haka, sauran shekara zafi ne ke cin fenti har ya zama gari a hannu. Koren fenti ya koma fari-fari, ja ya koma kamar ruwan goro da aka tsinka, rufi kuma ya riga gefuna koɗewa. Tsatsar arewa busasshiya ce, mai duhu, ba ta yin ɓawo da kumburi irin ta Legas inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Ƙurar ma iri biyu ce. Akwai ja, ta burji da jar ƙasa, wadda ke kama ƙafafu da gindin tarago. Akwai kuma ta hunturu, wadda ba ja ba ce ko kaɗan. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da, ya bar farin gari mai laushi. Ita daga sama take sauka, ta kwanta a rufi da kan kowane ɗan tudu, launin toka mai haske. Jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Kano, tafiyar sama da kilomita 1,100, yana ɗauke da shaidar duka biyun: tsatsar kudu a ƙarƙashi, farin arewa a bisa. Taragon shanu da na gyaɗa da na man fetur kowanne da irin tabonsa, kuma wanda ya san su zai gaya maka abin da tarago ya saba ɗauka ko da babu rubutu a jikinsa.

Ga wata matsalar kuma ta awo. Tsohon layin dogon Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a ma'aunin HO ya kama kusan milimita 12. Masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu da New Zealand, da ke da irin faɗinmu, ko dai su nemi layi mai milimita 12, ko su ƙara girman jirgin zuwa ɗaya cikin 64 ya hau layin 16.5. Manyan kamfanoni jiragen ƙasashen masu saye suke ƙerawa. Wanda ke son taragon Najeriya, hannunsa zai sa ya yanka ya haɗa, kuma a nan ne nake ganin yaron da ya taso da reza da totuwa ya riga ɗan Turai nisa.

Layin da ya tsallake mu, da wanda ke zuwa

Jirgi ya iso Kano a 1911 ta layin da aka faro daga Baro a bakin Kwara, aka haɗe shi da na Legas a 1912. Turawa auduga suka sa rai, manoma suka zaɓi gyaɗa, daga nan dalar gyaɗa ta tashi. An ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Kauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Daura da birnin Katsina ba su samu ba. Gyaɗarmu da fatunmu a kan jakai da raƙuma suka riƙa bin hanyar Kazaure, daga baya a manyan motoci. Shi ya sa yaron Daura mota yake ƙerawa, ita ya gani. Jirgi labarinsa yake ji a bakin wanda ya je Kano ko ya yi ci-rani a kudu.

A ranar 9 ga Fabrairu, 2021, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wato daidai da layin HO da ake sayarwa a kanti. Kafin nan, a watan Disamba na 2019, an aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina.

Ɗaliban wannan jami'a su nake tunani tun da na fara rubutun nan. Idon da mai tsufar da ƙaramin jirgi ke horarwa shi ne idon da ake bukata a wurin mai duba lafiyar babba. Zirin mai inda bai kamata a gan shi ba yoyo ne. Fenti da ya kumbura tsatsa ce ke ci ta ciki. Gefen ƙafa da ya fi ɗan'uwansa gogewa yana nuna wani abu ya karkace. Ɗalibin da ya shafe mako yana kallon hoton tarago ɗaya don ya kwaikwayi tabonsa ba zai sake wuce tarago bai gan shi ba. Tebur ɗaya a ɗakin gwaji, da 'yan mitoci na layi, da haɗin gwiwa da maƙeran gwangwani na cikin gari, sun isa a fara. Mun ga abin da rashin kula ya yi wa tsohon layin, kuma rashin kula daga rashin gani yake farawa.

Akwai kuma abin da ke damuna fiye da wannan. Tsofaffin da za a kwaikwaya suna ƙarewa. Kawunan jirgi masu tururi da aka ƙero a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunanmu, masu cin kwal ɗin Inugu, sun daɗe da barin aiki. Taragai da dama suna tsaye a gefen tashoshi ciyawa ta fito ta cikinsu, kasuwar 'yan gwangwan kuwa ba ta ƙoshi, ga labaran ɓarayin ƙarafan dogo da ba sa yankewa a jaridu. A Ebute Metta ta Legas akwai ɗan gidan tarihin jirgi a Jaekel House, amma ɗan Daura nawa ne zai je can? Duk wanda hanya ta bi da shi ta tashar Kano, ko Zariya, ko Funtuwa, ko Nguru, ya nemi izinin ma'aikata ya ɗauki hoto: gefe, gaba, ƙarƙashi, lambobin da ke jiki, har da rufi in ya samu tudu. Ya auna tsawo da taku in babu tef. Ya zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe ya tambaye su launin da abin yake da shi yana sabo, domin wannan ba ya cikin hoton da ba shi da launi.

Tarago na biyu da na haɗa, bayan na yi masa tsatsar soson ƙarfe da jar ƙasa a gindi, na rasa yadda zan fitar da farin rufin. Toka ta yi duhu, alli ya yi fari da yawa. Sai na ajiye shi a kan taga ta fuskar gabas na bar shi tun daga tsakiyar Disamba. Da na ɗauko shi a ƙarshen Janairu, hazo ya kwanta a rufin da saman ƙofa da kan kowace ƙusa, a wuraren da hoton tashar Kano ya nuna, kuma laushinsa ya yi daidai da ma'auni ba tare da na tace ba. Na fesa masa ruwan ƙaro daga nesa da tsohuwar kwalbar turare don ya zauna. Yanzu ina tara gwangwani don kan jirgi, amma ba zan taɓa fentinsa ba sai na ga wanda zai fara tsayawa a tashar Daura, na ɗauke shi hoto ranar da ya iso, na sake ɗaukarsa bayan ya sha hunturu ɗaya.